Koren Dutsen da Kawu Ya Ciro a Gaɓar Kogi

A ƙasarmu babu dutse. Tun daga Haɗejia har ka dangana da Guri, yashi ne da laka da taɓo. Dutsen niƙan kakarmu ma daga kudu aka kawo shi a kan jaki, murhu kuwa da curin laka ake kafa shi. Shi ya sa ranar da kawuna, ƙanen mahaifiyata Inna, ya shigo gidanta ya kwance wani ƙullin tsumma ya ajiye koren dutse a kan tabarma, ni da ita muka tsaya muna kallo.

Kawu manomin shinkafa ne kuma masunci, a wani ƙauye gaba da Guri. A shekarar ruwa ya yi yawa, kogi ya cinye masa rabin gona, ya bar gaɓa a tsaye kamar an yanka da wuƙa. Da ruwa ya janye ya je ganin abin da ya rage, sai ya hangi wani abu yana leƙowa daga jikin gaɓar, can ƙasa, kusan tsayin mutum daga sama. Ya sa yatsa ya ƙwaƙulo shi.

Tsawonsa bai kai tafin hannuna ba. Gindinsa siriri ne, ɗaya gefen kuma mai faɗi, an wasa shi ya yi baki irin na gatari. Kore ne mai duhu kamar miyar kuka, da ɗigo-ɗigon baƙi a jikinsa. Da na ɗauka sai na ji ya fi yadda ido ke zato nauyi, ga sanyi, ga santsi.

Inna ta ce, "Gatarin aradu ne."

Kawu ya ce haka mutanen ƙauye ma suka faɗa, har wasu na zuwa a tsoma musu shi a ruwa don magani. Amma ba wannan ta kawo shi ba. A kasuwar Haɗejia akwai wani mai shagon injinan ban-ruwa da ke zuwa ƙasar Sin saro kaya, kuma Kawu ya nuna masa dutsen da safiyar ranar.

"Ya ce mini a can ana kiran irinsa jed, wai sun ɗauke shi da daraja ƙwarai. Ke kika yi karatun duwatsu, ɗiyata. Duba ki gaya mini gaskiya."

Ban yi karatun duwatsu ba. Kemistiri na karanta, shi nake koyarwa a wata sakandaren 'yan mata. Amma a danginmu wanda ya shiga jami'a ya san komai. Ana kawo mini hoton ƙirji daga asibiti da takardar fili in duba. Sai dai a wannan karon an yi sa'a, na san wani abu kaɗan. Lokacin da nake digiri na biyu na yi shekara guda ina aiki da wata na'urar awon haske, kuma a littafin da muke gwada sakamako da shi akwai babi guda a kan jed.

Na yi musu bayani yadda zan iya. Na ce abin da ake kira jed ba dutse ɗaya ba ne, iri biyu ne. Akwai jedayit, akwai nefirayit, kuma sinadaransu ba ɗaya ba ne, kamanni kawai suka haɗa. Bayan su akwai wasu korayen duwatsu barkatai da ke kama da su, har da kwalba da ake narkawa a sayar. Ido ba ya rabewa, ko masu sana'ar ma suna ruɗewa. Na'urar kuwa tana harba wani siririn haske a jikin dutse. Hasken da ya dawo yakan ɗan sauya gwargwadon yadda ƙwayoyin dutsen suka riƙe juna, sai na'ura ta zana layi mai hawa da sauka. Kowane irin dutse da inda layinsa ke yin tsini, kamar zanen yatsa.

Kawu ya ce, "To a kai shi ya dangwala."

Inna ta tashi ta shiga ɗaki. Ta daɗe tana buɗe akwati, sannan ta fito da wata koriyar munduwa da na sani tun ina budurwa. Mahaifina ya sayo mata ita a Makka, shekara uku kafin rasuwarsa, kuma mai sayarwar ya ce masa jed ce. Ba ta cika sa ta ba. Inna ba ta kiran sunana don ni ce ta fari, sai ta miƙo mini ta ce, "Ke, tunda za ki, ki haɗa da wannan."

Kafin in je ko'ina na gwada abin da zan iya a gida. Kawu ya riga ya karta shi da wuƙarsa ba ta ci ba, wannan ya fitar da duwatsu masu taushi daga lissafi. Saura nauyi. Sikelin ɗakin gwajin makarantarmu ya daɗe da lalacewa, don haka na je wajen wata maƙwabciyata mai sayar da 'yan kunnen gwal na ari nata. Na auna dutsen, sannan na ɗora kofin ruwa a kan sikelin, na ɗaure dutsen da zare na saka shi ciki ba tare da ya taɓa gindin kofi ba. Lissafi ya nuna ya kusa ninka nauyin ruwa sau uku. Jedayit ya fi haka nauyi, nefirayit kuwa nan yake. Amma akwai wasu duwatsun da ke da wannan nauyin, don haka ban gaya wa Kawu komai ba.

Na'urar da na sani mafi kusa tana wata jami'a, tafiyar awa uku da wani abu daga Haɗejia. Wani da muka yi aji ɗaya da shi ne ke kula da ɗakin da take. Na kira shi, ya ce in zo ranar Talata, aikin minti ashirin ne.

Wahalar farko ita ce karɓo dutsen. Kawu ya koma da abinsa ƙauye, ya ce ba zai kwana a wani gida ba sai ya zama dole. Ranar Asabar na hau mota zuwa Guri, na hau babur, sannan kwalekwale, domin ciyawar kacala ta toshe gajeriyar hanyar sai an zagaya. Ya ba ni shi a cikin gwangwanin madara, ya sa na yi alkawarin dawo da shi ranar Juma'a.

Ranar Talata na nemi izinin shugabar makaranta, na bar wa 'yan aji uku aikin da za su yi, na bi motar asuba. Mun wuce Jahun rana ba ta gama fitowa ba. Ƙarfe tara da rabi ina ƙofar ɗakin. Abokin karatuna ya tarbe ni da fara'a, ya ba ni kujera, sannan ya ce, "Malama, wuta ce babu tun jiya. Amma an ce za a kawo."

"Janareta fa?"

"Akwai. Mai ne babu."

Na zauna. Ta gilashin ƙofa ina hango na'urar an lulluɓe ta da leda. Na yi azahar a can, na ci gurasa, na sake zama. Wajen ƙarfe uku fankar sama ta motsa, muka miƙe tare, kafin ya nemo mabuɗi ta sake tsayawa. Ya ce ko da wutar ta zauna, sai ɗakin ya yi sanyi na awa guda kafin a kunna. Na mayar da gwangwanina jaka na kama hanyar tasha.

Na kai wa Kawu dutsensa ranar Asabar, na makara da kwana ɗaya. Ya juya shi a hannu yana dubawa kamar wanda ke tsoron an canza masa. Ya ce, "Yanzu duk wannan tafiyar ba a ko kalle shi ba?"

Tafiya ta biyu bayan mako shida aka yi. Wannan karon na kira sau uku kafin in tashi, aka tabbatar mini akwai wuta. Akwai ɗin kuwa. Abin da babu shi ne izini. An fito da sabuwar doka cewa duk kayan da ya zo daga waje sai shugaban sashe ya sa hannu, shi kuma ya tafi taro, sai wani makon. Abokin karatuna ya rantse bai ji labarin dokar ba sai da safen. Na yarda da shi, amma hakan bai rage mini komai ba.

Don ya wanke kansa sai ya kai ni wani ɗakin gwaji a bene na sama, wajen wata mata da ke da wata na'urar awon haske ta daban. Ta karɓe ni da mutunci. Ta ce tata ba ta bukatar sa hannun kowa, amma ba ta karɓar dunƙulallen abu. Sai an ɓantari kaɗan an niƙa ya zama gari.

"Ɗan kaɗan ne, bai kai ƙwayar gero ba. Ta gindinsa za mu cira, ba wanda zai lura."

Na fita baranda na kira Kawu. Wayarsa ba ta shiga sai ya hau tudu, don haka sai da na kira maƙwabcinsa ya je ya nemo shi a bakin ruwa. Na yi masa bayani a hankali. Ya bari na gama sannan ya ce, "Ko ƙwayar yashi kada a cira. Mai shago ya ce da zarar an taɓa shi ya tashi daga aiki."

"Kawu, ta ƙasa ne, ba ya ganuwa."

"Ni zan gani. In ba za su iya ba ki dawo mini da abina."

Na ji haushinsa ƙwarai a wannan ranar. Amma da na koma ciki na ga matar ta riga ta fito da ɗan turminta da taɓarya, sai na ga ni ma ba na so. Wani ne ya zauna ya wasa wannan bakin da hannunsa, Allah kaɗai ya san kwana nawa ya yi. Na yi mata godiya na sauko.

A mota ina dawowa na yi ta tunanin abin da ya kai ni. Shugabar makaranta ta fara amsa gaisuwata a taƙaice. Ɗalibaina sun rasa darasi biyu. Mijina ya daina tambayata labarin dutse, in na taso da maganar sai ya ce Allah ya sa a dace, ya ci gaba da abin da yake yi. Ni kuma abin ya riga ya kama ni. Ba darajarsa ce ta dame ni ba. So nake in san me ya kawo irin wannan dutsen ƙasar da ko tsakuwa sai an sayo, daga ina aka ɗauko shi, kuma wa ya yar da shi a bakin kogin da Kawu ke noma yau.

Sai cikin bazara komai ya haɗu, wuta da mabuɗi da sa hannu. Na sake bin hanyar Guri na karɓo gwangwani. Ruwa ya ja sosai, babur ya kai ni har ƙofar gida. Na lura dutsen ya ƙara ƙyalli, amma ban kawo komai a raina ba.

Ɗakin na'urar sanyi ƙalau, har sai da na ja mayafina. Abokin karatuna ya ɗora dutsen a kan ɗan faranti, ya saita ta madubin na'urar, ya rufe murfi. Muka zuba wa kwamfuta ido. Layi ya fito, amma ba tsini ko ɗaya. Tudu ne guda ya tashi daga wannan gefe ya sauka wancan, kamar jigawa. Ya canza wuri ya sake, tudun ya sake fitowa. Sau huɗu haka.

Na ce, "Na'urar ce ta lalace?"

Ya buɗe murfi ya ɗauki dutsen ya kai hanci, sannan ya miƙo mini. "Wa ya shafa masa mai?"

Man kaɗanya ne. Daga baya na ji cewa kullum da safe Kawu sai ya goge shi da shi don ya yi sheƙi idan mai saye ya zo. Man da dattin da ya kama su ne ke mayar da wani haske mai yawa da ya rufe na dutsen. Na zauna a kan kujera na dafe kai. Da Kawu yana kusa da na faɗa masa maganar da ba a faɗa wa kawu.

Muka wanke shi da sifirit sau uku, muka bar shi ya bushe. Abokin karatuna ya nemi wani wuri kusa da gindi inda man bai shiga sosai ba. Tudun ya ragu, sai ga wani siririn tsini ya taso a kansa, ƙanana na biye da shi. Ya kai alamar kwamfuta kan tsinin ya karanta lambar: ɗari shida da saba'in da huɗu.

Na san lambar tun kafin ya buɗe littafi. Ta nefirayit ce. Ta jedayit tana wajen ɗari bakwai. Tazarar ba ta da yawa a kan takarda, amma ita ce ta raba duwatsun biyu. Na ce alhamdu lillahi a fili.

Ya ce, "Kada ki yi sauri, Malama. Na'ura ta ce sinadarinsa irin na nefirayit ne. Amma akwai duwatsu masu wannan sinadarin da ba a kiransu jed. Sai in zaren cikinsa ya sarƙe da juna, shi kuwa sai an yanka an duba."

"Shekarunsa fa? Daga ina ya fito?"

Ya yi murmushi. "Kin san ba ta faɗin wannan."

Na sani. Na tambaya ne kawai don abin ya daɗe yana cina.

Har na fara haɗa kaya na tuna da munduwar Inna. Ita ba ta ba mu wahala ba. Tsini ya fito tsaf a wajen ɗari bakwai, jedayit ce ta gaske. Na fara murna, sai ya ce in dakata, ya ja layin zuwa can gaba. A ƙarshensa akwai wasu tsinaye da dutse ba ya bayarwa. Na ƙaron roba ne. Ya ce haka ake yi wa jedayit mara kyau: a jiƙa shi a asid ya yi fari, a cike ramukan da ƙaro, sau da yawa kuma a rina. Ya haska fitilar waya ta bayan munduwar, muka ga koren ya taru a cikin tsage-tsage kamar jijiyoyi.

Washegari bayan la'asar na je gidan Inna. Da na yi tunani da na ce mata jed ce ta gaske na yi shiru, kuma ba ƙarya na yi ba. Amma na gaji, kuma na saba da aji, inda ake faɗin amsa gaba ɗayanta. Na gaya mata duka.

Ta karɓi munduwar ta riƙe a cinya. Ta ce, "Wato cutarsa aka yi."

"Ba haka ba ne, Inna. Dutsen na gaske ne."

"Ke kika ce an yi masa ciko an rina."

"Haka ake sayar da yawancinsu. Ba yadda za a yi Baba ya gane."

Ta naɗe ta a ƙyallenta. "Ni ban aike ki ki tono mini wannan ba."

Ita ta aike ni, amma ban faɗa ba. Ta shiga ɗaki na ji ƙarar akwati. Kusan mako biyu in na gaishe ta sai ta amsa ta tambayi yara, shi ke nan.

Ranar Asabar na kai wa Kawu dutsensa da takardar da aka buga mini. Na same shi a ƙarƙashin tsamiya yana gyaran taru. Ya karɓi takardar ya juya ta sama da ƙasa, na nuna masa tsinin da yatsa.

Ya ce, "Jed ne ko ba jed ba ne?"

Na ce sinadarinsa na ɗaya daga cikin iri biyun ne, kuma ina kyautata zaton shi ne, amma ba a tabbatar ba sai an duba cikinsa. Na ƙara da cewa ko shi ne, masu saye suna neman wanda haske ke ratsawa, wannan kuwa duhu gare shi.

"Wata biyar," in ji shi. "Tafiya uku. Ki dawo mini da e da a'a a ƙulli ɗaya."

Na ce masa darajar dutsen ba a kasuwa take ba. Mai yiwuwa tun kafin a san ƙarfe a ƙasar nan aka yi shi, kuma daga nesa aka kawo shi. Na roƙe shi ya bari mu nuna wa masu kula da kayan tarihi. Ya ajiye allurar taru ya dube ni.

"Su karɓe su ce sun gode. Ɗiyata, kin ga inda gonata ta tsaya yanzu? Rabin da ya rage ba ya shan ruwa sai da inji. Tarihi zai ja mini ruwa?"

Gaskiyarsa ce, ni ma ina da tawa, kuma ba su haɗu ba. Ya kai wa mai shago takardar, shi kuma ya ce ba hatimi a jikinta, zane ne kawai. Ban san Kawu ya ba shi dutsen ya tafi da shi ƙasar Sin ba sai da Inna ta faɗa mini, bayan mutumin ya yi kwana goma da tashi. Ko hoto mai kyau ban ɗauka ba. Duk zirga-zirgar da na yi da shi a jaka, ban taɓa ajiye shi kusa da rula na ɗauka ba, don ina ganin kullum yana nan. Wannan laifina ne, kuma shi ya fi ci mini rai.

Bayan wata huɗu, damina ta kankama, Kawu ya shigo gidan Inna ya tarar da ni. Bai zauna ba. Ya zaro tsumma daga aljihu ya sa mini a hannu ya ce, "Ga abinki."

An yanke gindin dutsen, kusan faɗin yatsa guda, yanka mai santsi na injin zarto. Masu saye a can ne suka yanka don su ga ciki, suka ce haske ba ya ratsa shi kuma yana da tsaga, ba sa so. Guntun da aka cire bai dawo ba. Ni ƙwayar gero na roƙa aka hana ni. Na buɗe baki zan faɗa, na ga fuskar Kawu, na fasa. Ya rame, kuma injin da yake buri bai samu ba, na maƙwabcinsa ya yi ta ara har rani ya fita.

Da na koma gida na ɗauko gilashin ƙara girma na makaranta na duba wurin yankan a hasken taga. Sai ga zare siri-siri sun sarƙe da juna ta ko'ina, kamar audugar da aka danne. Abin da abokin karatuna ya ce sai an yanka za a gani ke nan. Na ɗauki hoto na tura masa, ya ce shi ma yana ganin nefirayit ne, duk da cewa gilashina bai isa a kafa hujja da shi ba. Na ji daɗi, kuma na ji haushin kaina da na ji daɗin, domin ɓarna ce ta ba ni amsar.

Na rubuta wa wani malamin ilimin duwatsu wasiƙa da hotuna, ina tambayar ko ya san inda ake samun irin wannan dutse, a tsaunukan kudu da mu ko can arewa cikin hamada. Ya amsa sau ɗaya ya ce abin sha'awa ne, zai duba. Na tuna masa sau biyu, na bari.

Labari kuwa ya bazu cewa akwai wata malama a Haɗejia mai gane duwatsu. An kawo mini fasasshiyar kwalba da kogi ya goge, an kawo mini maɓallin riga. Kwanan baya wata dattijuwa daga Birniwa ta same ni a makaranta lokacin hutun tara, da korayen duwatsun wuya guda bakwai da ta gada wajen kakarta. Ba kwalba ba ne, suna da nauyi, kuma hujinsu na hannu ne, ya karkace. Na juya su a tafina na ce mata ido ba ya iya faɗa, sai an kai na'ura, na'urar kuma tana da nisa.

Ta ce, "To 'yar nan, me kika karanta?"

Na ce kemistiri. Ta gyaɗa kai kamar ta ji sunan wata cuta. Aka buga ƙararrawa, ɗalibai suka fara komawa aji, ita kuma ba ta da niyyar tashi. Na roƙe ta kada ta shafa musu komai, ko ruwa. Sannan na shiga ofis na duba jadawalin jarrabawa, na ga sai bayan mako biyar zan iya samun ranar da ba ni da aji, na fito na gaya mata.